Miyar Da Ta Jira Guguwa

Duk wanda ya girma a Belle Anse ya san cewa daga watan Yuni teku ba shi da amana, ya kuma san abin da Ovide Cheramie yake yi a farkon watan. Zai jawo baƙar tukunyarsa ta ƙarfe a ƙarƙashin gida, da yake gidajen garin a kan dogayen dirkoki ake gina su saboda ambaliya, ya ɗora ta a murhun gas, ya wuni yana haɗa miyar kuɓewa da agwagin fadama da jatan lande da ƙaguwa. In ta huce sai ya juye ta a manyan bokitan roba guda uku, ya jera su a gindin firiza. Miyar guguwa ake ce mata. Ranar da iska ta gama ɓarnarta aka ɗauke wuta, ita ake fara ɗumamawa a ba masu gyaran rufi. In kuwa shekara ta fita lafiya, sai a shanye ta a ƙarshen Nuwamba a gode wa Allah.

Miyar nan, tsakani da Allah, barkono ce da ɗan sauran kayan haɗi. Matarsa Melba takan faki idonsa ta kwara ruwa a tukunya, amma duk da haka sai an sha ana tari ana zaginsa. Shi kuwa ya tsaya da ludayi yana washe baki, yana cewa mai zagi ya miƙo kwano a ƙara masa. Kuma ana miƙowa.

To, shekara biyu ke nan Ovide ya dafa miyarsa, ya rufe firiza, bayan 'yan watanni ya kwanta barcin rana a kan lilonsa bai tashi ba. Nuwamba ta zo ta wuce, Melba ba ta taɓa bokitan ba. Wata Nuwambar ma haka. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne: tufafinsa ta rabar, jirginsa an sayar, abin da ya rage daga hannunsa a duniya shi ne miyar nan. Tana jin cewa ranar da aka kankare gindin bokiti na ƙarshe, ranar ce Ovide zai gama fita daga gidan. Mutanen gari sun gane, babu wanda ya taɓa ce mata uffan. Sunansa ma sun daina kira kai tsaye, sai dai su sassauta murya su ce marigayi, bawan Allah, mutumin kirki. Melba takan gyaɗa kai kawai, tana mamakin ko wa suke nufi.

Da rediyo ya fara kiran sunan guguwar bana, ya ce ta nufo su gadan-gadan kuma ba ta wasa ba ce, gari ya kama haramar da ya saba. Ana buga katako a tagogi, ana ɗaure tukwanen gas, masu jirage suna kora su sama ta babban rafi zuwa bayan ƙofar ruwa, wadda ake rufewa don tare ambaliyar teku. 'Yarta Yvette ta bugo waya daga birnin Houston har sau ba adadi.

"Mama, don girman Allah ki shiga mota ki taho."

"In taho in bar ubanki a firiza?"

"Mama! Miya ce fa."

"Na sani, ai ni na yanka albasar."

Ta so ta ɗauki bokitan ta gudu da su, amma ƙanƙarar shekara biyu ta manne su da gindin firiza kamar an zuba siminti. Ta sa wuƙa, ta sa guduma, ko gezau. Firizar kuma irin doguwar nan ce mai murfi a sama, tana ƙasan gida tsakanin dirkoki, ƙarti huɗu ma sai sun yi nishi kafin su hau da ita bene, ƙartin garin kuwa kowa yana ta kansa. Sai ta cika sauran wurin da jarkokin ƙanƙara, ta naɗe murfin da salatif zagaye bayan zagaye har naɗi biyu suka ƙare, ta ɗaure firizar a jikin dirka da shuɗiyar igiyar jirgi.

Tana cikin ƙulla igiyar ƙanin mijinta Clovis ya iso da a-kori-kurarsa. Shi da ita tun ranar ɗaurin aure ba su taɓa yin magana ba tare da tsokana ba.

"Matar yaya, wannan ɗauri haka, saniya ce?"

"Yayanka ne. Ka san shi da yawo."

"Shekara arba'in ba ki iya ɗaure shi ba, sai yau? Ɗauko jakarki mu tafi jirgi, tunda kin ƙi zuwa birni. Amma ki sani, a jirgina ni ne sarki."

"Sarkin ƙaguwa ba. Matsa in wuce."

Jirgin Clovis na ƙarfe ne, na kamun jatan lande, an ɗaure shi kafaɗa da kafaɗa da wasu jiragen a cikin rafi, kowanne da iyali a ciki. Haka kakanninsu suke yi, wai jirgi ya san ruwa, gida bai sani ba. Guguwar ta iso da hantsi, ta mai da rana magariba. Iska ta yi ta ihu ba numfashi, ruwan sama yana tafiya a kwance, jirage suna gwara juna kamar tukwane a kwandon wanke-wanke. Ta ƙaramar taga Melba ta ga rufin kwano sukutum ya wuce ta sama, ta ga bishiyar da ta girme ta ta durƙusa. Tsoro ya kama ta sosai, ba ta ɓoye ba, ta riƙe carbinta tana addu'a da ƙarfi. Clovis yana gefe yana fama da butar kofi da ke zamewa a kan murhu.

"Ki saka ni a addu'ar," ya ce.

"Sai in na gama da mutanen kirki."

Can tsakiyar rana komai ya yi tsit, har rana ta leƙo. Babu wanda ya ruɗu, kowa ya san idon guguwa ne. Maza suka fito suka ƙara igiyoyi, suka tambayi juna lafiya daga jirgi zuwa jirgi, suka koma ciki, iska ta dawo ta ɗaya ɓangaren ta ɗora daga inda ta tsaya. Duk tsawon wannan lokaci zuciyar Melba tana ƙarƙashin gidanta, tana lissafin ƙullin da ta yi wa igiya.

Da aka buɗe ƙofar ruwa suka gangara gida a ƙaramin kwalekwale mai inji, domin hanyar mota ta zama rafi. Gani ya kori ji. Turakun wutar lantarki a kwance, tabo har gwiwa, kujerun coci a cikin fadama, jirgin wani a kan titi, motar wani a cikin rafi. Gidaje da dama sun tafi sun bar dirkoki tsaye. Amma duk wanda suka haɗu da shi tambaya ɗaya yake yi, an rasa wani? Aka ƙirga kawuna aka sake ƙirgawa, ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Daga nan sai dariya ta fara dawowa, har wani yana tambaya ko akwai wanda ya ga banɗakinsa, wai ya bar jarida a ciki bai gama karantawa ba.

Gidan Melba yana tsaye, rabin rufin ne ya tafi. Ba ta ko ɗaga kai ta dubi rufin ba. Ƙasan gidan ta duba, ta tarar ruwa ya share shi tas. Guntuwar shuɗiyar igiya ce kawai ke reto a jikin dirka.

Ta zauna a kan matakala, ƙafafunta a cikin tabo. Clovis ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarta, ya rufe.

Washegari aka taru a harabar coci, inda ƙasa ta ɗan tashi. Doka ce da ba a rubuta ba a Belle Anse: in wuta ta tafi bayan guguwa, abin da ke firizar mutum ba nasa ba ne, na gari ne. A fito da shi a dafa kafin ya lalace, a ci a yi ɓarna, shi ya sa yara suke tuna guguwa da naman barewa da soyayyen kifi. Melba ce ma take bi gida gida a da, tana buga murfin tukunya da ludayi tana cewa marowata su fito. Bana kuwa ruwan teku ya hau fiye da yadda aka taɓa gani, ya kwashe firizoji ko ya cika su da tabo. Abin da aka iya tattarowa bai wuce busasshen biskit da waken gwangwani ba. Maza suna kan rufi suna shimfiɗa tamfol cikin zafin rana, ciki ba komai.

Ana cikin haka Eunice Pitre ta shigo da dogon takalmin roba tana sababi. Eunice ita ce wadda Ovide yake rawa da ita kafin ya haɗu da Melba, kuma ko da yake su biyun sun tsufa suna zama benci ɗaya a coci, maganar ba ta taɓa mutuwa ba.

"Jama'a, ina masu ƙarfi? Ku zo ku ɗauke min mushe daga ƙofa! Duk faɗin garin nan ruwa ya rasa inda zai ajiye ruɓaɓɓiyar firiza sai bakin matakalata. Ta taga nake fita kamar ɓarauniya."

"Kin buɗe?" wani ya tambaya daga kan rufi.

"In buɗe? An naɗe ta da salatif kamar mai karaya. Ni mahaukaciya ce?"

Kowa ya yamutsa fuska. A wannan gari firiza mai salatif ma'anarta ɗaya ce: abin da ke ciki ya ruɓe, an liƙe ta an kai bakin titi, kada a taɓa. Wanda ya taɓa buɗe irinta sau ɗaya, warin yana bin sa har kabari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutane da yunwa sun wuce ta gabanta tun jiya suna toshe hanci, suna cewa ruwa ne ya tono ta daga jujin guguwar baya.

Melba ta miƙe a hankali. "Eunice, akwai igiya a jikinta?"

"Akwai wata guntuwa, shuɗiya."

Melba ta dafe ƙirji. Daɗi ya cika ta, amma abin da ya fito daga bakinta daban ne.

"Lallai mutumin nan! Na ɗaure shi da igiyar jirgi, ya tsinke, duk gidajen garin nan bai ga na zuwa ba sai naki?"

Eunice ta yi sororo, sannan ta gane, ta riƙe ƙugu. "To ni na kira shi? Hanya ce ƙafarsa ta sani."

"Hali zanen dutse," in ji Clovis, yana share hawayen dariya. "Mu je mu dawo da shi gidan aurensa."

Suka same ta a gicciye a ƙofar Eunice, ta sha tabo, ciyawar fadama a kanta, amma salatif bai ɗaga ko kaɗan ba. Melba ta ɗora tafin hannu a murfin, ta ji da sauran sanyi. Maza suka ciccibe ta suka kai harabar coci. Babu wanda ya tambayi abin da ke ciki, domin babu wanda bai sani ba.

Clovis ya jawo ta gefe, ya yi magana ƙasa-ƙasa, abin da ba halinsa ba.

"Matar yaya, ina da ɗan sauran fetur a ƙaramin injina na wuta. Zai riƙe ta har a buɗe hanya, sai Yvette ta zo da mota ku kai ta birni. Fankata ba dole ba ce, sauro sun saba da ni."

"Na gode, Clovis," ta ce. Shi ma bai taɓa jin wannan daga bakinta ba.

Aka wanke wayar, aka busar, aka jona, firiza ta yi tari ta kama aiki. Melba ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, kamar mai jinya a asibiti. Ta samu abin da take so, ya kamata ta ji daɗi.

Sai dai daga inda take zaune tana ganin kowa. Tana ganin masu rufi sun sauko sun zauna a inuwa, suna tura biskit da ruwan ɗumi. Tana ganin Eunice tana raba gwangwanin wake ɗaya a kwano uku. Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu mai kallon wajenta. Duk wanda zai wuce sai ya kewaya ta nesa, ya kau da kai, don kada ta zaci roƙo yake. Mutanen da ta sha buga wa ludayi a ƙofa tana kiransu marowata, yau su ne suke yi mata kara. Kunya ta rufe ta, ta ji haushin kanta, ta ji haushinsu, ta ji haushin Ovide da ya tafi ya bar ta da wannan aiki.

Ta ce a ranta bari dai ta duba ko ruwa ya shiga. Ta yanke salatif ta ɗaga murfi. Jarkokin sun narke, amma miyar tana nan daskare, launinta bai sauya ba. Ta kama hannun bokiti ɗaya ta ɗan ja don ta ga ƙasansa, sai ya taso mata salin-alin, ba gardama. Ƙanƙarar da ta gagari guduma ta saki.

Ta daɗe a tsaye da bokitin a hannu. Ta tuna shi tsaye da ludayi cikin zafin Yuni, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, tana yi masa faɗan ɓarnar gas, yana cewa ki bari Melba, akwai ranarta.

"Clovis!"

"Na'am?"

"Kashe injin nan, ya cika min kunne. Ka je ƙasan gidana ka tona tabo, tukunyar yayanka tana nan, ba ruwan da zai iya ɗaukar wannan uwar nauyi. Eunice, daina wasa da waken nan ki nemo shinkafa."

Clovis ya dube ta. "Kin tabbata?"

"Ka ga na yi kama da mai shawara da kai?"

Aka haƙo tukunya aka wanke, aka haɗa wuta da katakon rufin da iska ta zubar. Melba ta juye bokiti uku da hannunta, ta tsaya tana juyawa har ƙanƙarar ta narke miya ta fara tafasa. Ƙamshi ya bi gari, mutane suka fara sauka daga rufi ba tare da an kira su ba. Da al'ada ta motsa, hannunta ya kai kan jarkar ruwa zai kwara kamar yadda ta saba a ɓoye. Sai ta janye hannun. Yau yadda ya dafa haka za a sha.

Aka zuzzuba a kan shinkafa, kowa ya karɓi kwanonsa da hannu biyu kamar a wurin zaman makoki. Aka kai cokali na farko baki.

"Allah ya ji ƙan marigayi," wani ya ce da shaƙaƙƙiyar murya. "Hannunsa akwai... akwai albarka."

"Mutumin kirki," in ji wata, idanunta sun yi jawur.

Eunice ta yi ƙoƙarin haɗiye tari, ya ƙi haɗiyuwa. Gumi ya karyo wa Clovis daga tsakar kai. Ya daure ya kai cokali na biyu, ya daure ya kai na uku, sannan ya dangwarar da kwano ya ɗaga kai sama.

"Kai Ovide, mugu ɗan masara! Guguwa ta bar mu da rai, kai kuma ka biyo mu daga kabari za ka ƙarasa mu? Wannan miya ce ko gobara?"

Cokula suka tsaya a iska. Kowa ya juya ya dubi Melba, Clovis kansa ya kama baki.

Melba ta ɗebo miyar ta kai bakinta. Wuta ta kama harshenta ta bi maƙogwaro ta fito ta hanci, barkonon nan nasa na rashin hankali da ta yi shekara arba'in tana kashewa da ruwa. Sai ga shi tsaye a gabanta kamar ta miƙa hannu ta taɓa, ba marigayi bawan Allah ba, Ovide dai nata, mai taurin kai, mai yawo, wanda ba ya jin magana. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonta da yi tun ranar lilon nan, hawaye suna zuba ba ta damu ta ce na barkono ne ba.

"Ƙara zaginsa, Clovis," ta ce. "Don Allah ku zage shi. Shekara biyu kuna ba ni labarin wani waliyyi da ban taɓa aure ba."

Kamar an buɗe ƙofar ruwa. Wannan ya ce har yau Ovide bai dawo masa da tsaninsa ba. Wancan ya tuna ranar da ya kai su kamun kifi ya ɓatar da su a fadamar da aka haife shi. Eunice ta ce in don rawa ce Melba ta taimake ta, don mutumin a kan yatsun ƙafarta yake taka kiɗa. Ana tari, ana fyace hanci, ana miƙo kwano a ƙara. Melba tana tsaye da ludayi tana zubawa, tana cewa mai zagi ya matso kusa.

Kafin la'asar an kankare tukunya har ƙasa, maza suka koma kan rufi, nata suka fara nufa da tamfol. Melba ta wanke bokitan nan uku ta kife su a rana. Ta tsaya tana sauraron zuciyarta ko za ta ji gidan ya zama kango kamar yadda ta yi ta tsoro, sai ta jiyo muryoyi daga saman rufinta ana gardamar ko wace shekara ce Ovide ya faɗa rafi da tukunya a hannu.

Clovis ya zo wucewa da guduma, ya nuna bokitan da haɓa. "A kai juji?"

"Taɓa su ka gani. Yuni na zuwa, ka tanadi agwagi."

"Ke za ki dafa? To Allah ya sa ki tausaya mana a barkono."

"Yadda ya zuba haka zan zuba," in ji Melba, "har da ɗan ƙari na zagin da ka yi masa."